Ƙofar da Mijin Ummi Ya Faɗa

Tun da na sauka daga jirgi ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta zo barka da sauka sai ta ce yaya Jamus, wadda ta zo sayen kunu sai ta ce yaya Jamus, har bawwab ɗin gidanmu, mai gadin nan da bai san ko Jamus gabas take ko yamma ba, ya tare ni a matakala yana tambaya. Ni kuwa sai in ce sanyi, in kawar da kai. Na san ba labarin sanyi kuke nema ba. Ƙarshen maganar nan kuke son ji, wadda ta zaga unguwarmu Ard al-Liwa, nan Alƙahira, ta haye har unguwar Dokki tun ina can. Kara ce ta hana ku fitowa fili, ni kuma kunya ta ɗaure mini baki. To yau zan kwance shi, daga farko har ƙarshe, mai dariya ta riƙe abarta sai na gama.

Saboda sababbin zuwa da ba su san mu ba: mu mutanen Zariya ne. Malam ya zo Alƙahira karatu da ƙuruciyarsa, na biyo shi, zama ya miƙe. Shi yana karantar da ɗalibai a falonmu, ni ina dama kunun zaƙi da zoɓo ina sayarwa. 'Yarmu ta fari, wadda nake ce wa Ummi don sunan mahaifiyata gare ta, ta auri wani tsohon ɗalibin Malam. Sunansa kun san shi, ba sai na faɗa ba, suruki ne. Ya tafi Jamus ƙaro karatu, ya samu aiki, ya ɗauke ta. Bana Allah ya sauke ta lafiya, namiji, shi ne na shirya tafiya jego.

Ana gobe zan tashi, bayan la'asar, Malam ya sallami ɗalibai ya kira ni. Ya ce wani yaro ya nuna masa hotuna biyu a waya. Ɗaya mijin Ummi ne sanye da rigar sanyi mai tambari a ƙirji, hoton dutse da coci a kansa. Ɗayan kuma kwalbar giya ce, da wannan tambarin sak. Malam ba mai yawan magana ba ne, kun san shi.

"Ki je ki gani da idonki," ya ce. "In gaskiya ne, 'yata ba za ta shayar da jikana da wannan abincin ba. Ki dawo mini da su."

Da wannan nauyin na shiga jirgi, ya fi akwatuna biyun da na ɗauka.

Akwatunan ma ba su bar ni lafiya ba. Na cika su da kayan jego: gero, garin kunu, kanwa, yaji, daddawa, busasshen ganyen darbejiya na wanka, dabino, da kilishin da aka yo mini saƙonsa takanas daga gida. A filin jirgin Alƙahira ba wanda ya ce mini kanzil, mai duba kaya ya shaƙi daddawa ya yamutsa fuska ya ce yalla, ya Hajja, wuce. A Jamus kuwa kare suka sako mini. Kare fa, da rigarsa, ya zo ya zauna gaban akwatina kamar mai jiran sadaka. Wata 'yar kwastan mai fara'a ta buɗe, ta ɗaga kilishin, ta yi mini bayani da hannu cewa nama ba ya shiga ƙasarsu, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo. Wallahi har yau in na tuna sai na ji zafi. Da ta zo kan kanwa sai fara'ar ta gushe, ta kira wani. Na ga abin zai yi tsawo, na ɓalli kaɗan na lasa a gabansu, na nuna ciki, na yi alamar jariri. Suka kankari kaɗan suka shiga da shi wani ɗaki, suka daɗe, suka dawo suka ba ni abata.

A waje na tarar da mijin Ummi yana jira. Yana hango ni ya zube a tsakiyar filin jirgin nan, Turawa suna ratsa shi da akwatuna, ya gaishe ni kansa a ƙasa. Na amsa ina kallon wani allo can gefe. A jirgin ƙasa ya zaunar da ni kusa da taga, ya kwashi kaya ya koma can ƙarshen tarago. Mutanen cikin jirgin nan ko tari ba sa yi. Ni da na saba da mikrobas ɗin Giza, inda kafin ka sauka ka san ciwon ƙafar direba da sunan surukarsa, sai na ji kamar gidan makoki na shiga.

Garinsu ƙarami ne, a gindin wani dutse. Gidan ɗaki biyu ne a hawa na biyu, tsaf-tsaf. Ya bar mana shi gaba ɗaya ya koma kwana wajen wani abokinsa. Da safe sai ya zo ya tsuguna a bayan ƙofar falo ya gaishe ni, ya ajiye cefane a kicin, ya leƙa ɗansa in na shiga banɗaki, ya fice. Ban taɓa ganin yana cin abinci ba, shi ma bai taɓa ganin ina ci ba. Yaron nan ya san kunya, wannan ko a lokacin da nake zarginsa ban hana shi ba.

Wankan jego na farko da na haɗa wa Ummi, na tafasa ruwa a manyan tukwane biyu da ganye, na bar ƙofar banɗaki a buɗe. Tururi ya cika gidan, wani abu a silin ya kama ihu kamar an yanka akuya. Ina tsaye da ganye a hannu sai ga bugun ƙofa. Wata tsohuwa ce doguwa, farin gashi, tana zuba faɗa da Jamusanci. Bakina ya suɓuce na ce ma'alish, wato yi haƙuri. Matar nan ta tsaya cak, ta dube ni, ta ce da Larabcin Masar tsantsa, ke daga ina? Ashe Madam Hilda, maƙwabciyarsu ta ƙasa, ta yi koyarwa a Dokki da ƙuruciyarta. Kafin ruwan wanka ya huce mun zama ƙawaye. Ita ta koya mini cewa shara kala-kala ce, kowace da kwandonta, kuma ranar Lahadi ba a daka. Wannan na biyun sai da na daka yaji a turmi Lahadin farko ta hau ta gaya mini. Na dafa mata ful, waken nan na Masar, da mulukiya, miyar lalo, ta ci har da ƙwalla. Ita kuma ta kawo mini wani burodi naɗaɗɗe mai gishiri a baya, na ɗanɗana na ce ai wannan da kanwa aka yi shi, ta ce kusan haka ne. Abin da na kasa ganewa shi ne abincin darensu. Burodi mai sanyi da cuku, shi ke nan, ba a ɗora tukunya.

Duk wannan ina yi, maganar Malam tana cina. Rigar nan na gan ta rataye a bayan ƙofa, da tambarinta. Na shiga kanti da Madam Hilda, na ga akwatunan kwalabe jere har sama, da tambarin. Na dawo na zauna ina shafa wa jariri man zaitun, na ce wa Ummi, ba tare da na dube ta ba, wai shi maigidan naki a ina yake aiki ne. Ta ce can kan dutse. Na ce aikin me. Ta sunkuyar da kai ta ce aiki ne dai, Umma, Allah ya rufa asiri. 'Yar fari ce, ba mu saba doguwar magana ba, ban iya na ƙara ko kalma ɗaya ba. Shi kuwa ta ina zan fara? A ce na tsare surukina ina yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda? Madam Hilda na san ta sani, amma ba a kai wa baƙo asirin gida. Sai na zaɓi hanyar da ta fi duka muni, na ce zan je in leƙa da kaina.

Na tambaye ta mene ne a kan dutsen can. Fuskarta ta washe. Ta ce gidan ruhubanawa ne, Kiristocin nan masu barin aure da dukiya su tare wuri guda suna ibada, irin waɗanda muke gani a Masar da baƙaƙen riguna. Ta ce tun tana yarinya take hawa, gobe ma sai mu je. Na ce wa Ummi kasuwa za mu.

Bas ta kai mu gindin dutsen, sauran kuma a ƙafa. Gwiwoyina suka gaya mini shekaruna. Madam Hilda kuwa, da ta girme ni, tana tafe tana labari ko haki ba ta yi. Ta ce ruhubanawan sun zauna a wurin tun shekaru ɗaruruwa, tun garin nasu yana daji. Dokarsu ita ce ibada da aiki, ba wanda zai ci sai ya yi gumi, kuma duk baƙon da ya buga ƙofa sai an karɓe shi an ciyar da shi, ko wane ne. Wannan ta burge ni, na ce ashe suna da zaure. Ta ce masu ziyara suna hawowa daga ƙauyuka a ƙafa, su iso da ƙishirwa, ruwan zamanin kuma yana sa ciwo, shi ne ruhubanawan suka riƙa dafa sha'ir su yi abin sha, su sha su ba baƙi. Ta ce a lokacin azuminsu na kwana arba'in, da ba sa cin abinci sosai, sai su dafa mai kauri su riƙa sha, suna ce masa burodin ruwa. Na ce Madam, azumin da ake sha a cikinsa ai hutu ne. Ta yi dariya har ta dafa bishiya.

Muna shiga harabar wani ƙamshi ya doke ni, na tsaya. Ƙamshin tsiro ne. Ku da kuke shigowa kicin ɗina ran da nake haɗa kunun zaƙi kun san shi, hatsin da aka jiƙa ya tsira aka shanya aka niƙa. Na tambaya, ta ce haka suke yi, su jiƙa sha'ir ya tsira, su busar, su niƙa, su dafa, su zuba wani fure mai ɗaci, sannan su bar shi ya kwana ya kwana har ya zama abin da ya zama. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji farkon aikinsu da farkon nawa ɗaya ne. Na ce a zuciyata, a'uzu billahi, tawa tukunyar dai ba ta kwana.

Ta nuna mini ginin da ake dafawar, mai wata tsohuwar ƙofar katako. Ta ce mu shiga, na ce ƙafata ba za ta taka ba. Ta gilashi na leƙa na ga tukwanen jan ƙarfe, kowace ta kai ɗakina girma, an goge su suna ƙyalli. Ta ce gobara ta taɓa cinye wurin, sojoji sun taɓa wawashe shi a wani dogon yaƙi, annoba ta taɓa kashe rabin masu gidan, kowane karo sai su sake ginawa. Ta ce akwai lokacin da hukuma ta ƙwace gidajen ruhubanawa duka, ta kore su, ta sayar da gonaki da littattafai har da ƙararrawa. Addu'a ta tsaya a kan dutsen, amma wutar tukunya ba ta mutu ba, don wanda ya saya ya ga da riba. Daga baya wani sarki ya mayar musu. Ta nuna mini bakin kogunan da suka fafe a cikin dutsen, inda suke ajiye ganguna. Da sanyi sai su je tafki su sassare ƙanƙara su jawo da dawakai su cika kogon, a sama kuma suka dasa manyan itatuwa don inuwa ta hana rana dumama shi. A ƙarƙashin itatuwan nan mutane suke zaune a bencina, tsofaffi da yara, da kofuna manya-manya. Ta ce yanzu ruhubanawan saura kaɗan, duk sun tsufa, ma'aikata ne ke dafawar. Da ta ce ma'aikata sai na tuna rigar nan.

Ta ce in jira ta, za ta sayo cuku a wani shago. Ina tsaye ni kaɗai, na ja gyalena, sai na hango mijin Ummi. Yana can gefen itatuwan cikin tsofaffi, da rigar nan. Ya ɗago, idonmu ya haɗu. Jama'a, yaron nan ya juya a guje, ya tura ƙofar katakon nan ya faɗa ciki, ya rufo.

Me kuma nake jira? Na ga riga, na ga tambari, na ga ƙofa, na ga gudun marar gaskiya. Ko jiran Madam Hilda ban yi da kyau ba. Muna sauka, tana duba lokacin bas, na koma gefe na danna waya na yi wa Malam saƙon murya. Na ce Malam, na gani da idona, a gidan giyar yake, yana ganina ya ruga ya ɓuya a ɗakin tukwane. Na manta Malam kunnensa ya yi nauyi, ba ya sauraron saƙo sai ya ƙure murya. Na manta lokacin darasi ne, falo cike da ɗalibai. Na manta kuma ke, Hajiya Talatu, ke kike kawo masa abinci da ba na nan, kuma a ranar kina tsaye da kula a hannu. Ban ga laifinki ba, ni na saki maganar. Amsarsa ta zo kafin bas ta iso: in an yi arba'in ki taho da su.

Daga ranar na daina cin abincin gidan. Na ce wa Ummi cikina ne ba ya son cimar ƙasar. Ita ina dafa mata da cefanensa, don mai jego ba ta zama da yunwa, ina dafawa ina istigfari. Ni kuwa sai kunu daga garin da na zo da shi, da dabinona. In ya tsuguna a bayan ƙofa da safe, sai in amsa da ƙyar, a daƙile. Ban gaya wa Ummi hukuncin babanta ba, kullum sai in ce gobe. In na ga tana yi wa jariri wasa tana cewa ga Abba nan zuwa, sai in tashi in shiga kicin. Abin da ya ba ni mamaki, garin kunun nan da dabinon ba su ƙare ba. Ina ɗiba kullum, suna nan yadda suke. Har na ce a raina, ga albarkar gudun haram nan tun a duniya.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in, Madam Hilda ta hau da saƙo. Ta ce akwai wani tsoho a kan dutsen, Baba Ansalam, shi ne na ƙarshe cikin ruhubanawan da ya riƙe tukwanen nan da hannunsa. Jikinsa ya yi nisa, kuma ya matsa sai an kawo masa jaririn ya gani. Ummi ta dube ni a tsorace. Na ce mu je. A raina na ce gara ma, in ta ga na gani a gabanta, maganar komawa Alƙahira za ta yi mini sauƙin faɗa.

Wannan karon a mota muka hau, kuma ba ta harabar itatuwan muka shiga ba. Madam Hilda ta zaga da mu baya, wani dogon gini mai warin asibiti. Tsofaffi ne a ciki, maza da mata, wasu a gado wasu a keken marasa lafiya. Masu kula da su suna kai da kawo, kowa da rigar nan mai tambari. Mai shara ma da ita. Na fara zargin na yi gaggawa.

A ɗakin ƙarshe muka sami mijin Ummi. Bai ji shigowarmu ba. Yana durƙushe a gaban Baba Ansalam, tsohon da ya ƙanjame kamar busasshiyar kuɓewa, ya ɗora ƙafar tsohon a cinyarsa yana shafa mata mai, yatsa bayan yatsa. Ya gama ya sa masa safa, ya goge masa baki, ya gyara masa filo. Da ya juyo ya gan ni, ya rasa inda zai sa kansa, ya ja baya ya tsuguna a lungu.

Aka miƙa wa tsohon jariri. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dube ni ya fara magana yana dariya, tari yana katse shi, Madam Hilda tana juya mini da Larabci. Ya ce ashe ke ce. Ya ce surukin nan naki shi yake yi mini wanka, shi yake juya ni, shi yake ba ni abinci a baki, kuma in lokacin sallarsa ya yi, a ɗakin nan yake yi ina kallo. Ya ce tun da ya fara aiki nake roƙonsa ya tura ni ɗakin tukwane in nuna masa inda na ƙarar da ƙuruciyata, ya ce zai yi mini komai ban da wannan, ƙafarsa ba za ta taka ba. Ya ce sai rannan, ya fito da ni shan iska ƙarƙashin itatuwa, kawai na ga ya sake ni ya ruga ya faɗa ɗakin da ya rantse ba zai shiga ba. Da ya fito na tambaye shi ko zaki ya gani.

Madam Hilda ta tsaya ta share hawayen dariya, sannan ta ƙarasa.

"Wai ya ce masa, surukata na gani. A wajenmu ba a haɗa hanya da ita. Kuma ba ta gaya wa kowa za ta zo ba, in ta san na gan ta za ta ji kunya."

Kowa a ɗakin yana dariya, har wata ma'aikaciya da ta leƙo. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni ce fa na koya wa 'ya'yan mutane kunya a Ard al-Liwa, ni ce mai cewa yaran yanzu ba su san suruki ba. Yaro ya yi mini kunya irin wadda ko a Zariya an daina, na ɗauka na yi masa shaidar zur da ita. Na kasa ɗaga kai. Tsohon ya sa aka ba ni kwalbar zuma daga amyarsu, na karɓa da hannu biyu ban san ma na karɓa ba.

A gida na rufe ƙofa na yi wa Ummi maganar da ban taɓa yi mata irinta ba tsawonta. Na ce don me ba ki gaya mini ba? Ta fashe da kuka. Ta ce shi ya hana. Ya ce Malam ya yi masa fatan zama babban malami, ya zo Turai kuma ga shi yana kwashe fitsarin tsofaffi, tsofaffin ma na coci, da wane ido zai dubi Malam. Ta ce kuma saƙon da na aika ya dawo masa a waya tun washegari, wani abokinsa na Alƙahira ya gaya masa, har mahaifinsa a gida ya kira shi yana kuka. Na ce ya sani? Ta ce ya sani. Na ce shi ne bai ce komai ba? Ta ce ya ce ba zai ƙaryata Umma ba. Sannan ta nuna robar garin kunun. Ta ce ya ga ba kya cin abincinsa, ya ce kada yunwa ta kama ki a gidansa. Ranar hutunsa yake shiga jirgin ƙasa ya je babban birni shagon 'yan Afirka ya sayo garin gero da dabino, ita kuma ta riƙa ƙara mini in na shiga wanka. Albarkar da nake taƙama da ita ke nan.

Na kira Malam a take. Ya saurara har na gama, ya ce alhamdu lillahi, jinya aikin lada ne ko wa ake jinya, khalas, a bar yarinya a ɗakinta. Ya ce shi ma da laifinsa, da bai kira surukin nasa ba tun farko. Ya kira shi kuwa, ya kira mahaifinsa, ya tara ɗalibai ya warware. Amma kun san magana, zarar bunu ce. Wanda ya ji ta farko a unguwar Mohandessin ba lallai ya ji ta biyu ba. Jiya-jiyan nan a mikrobas na ji wasu yara biyu suna cewa surukin Malam mai giya.

Ran da zan taho mijin Ummi ya raka ni filin jirgi. Duk hanya ina haɗa kalmomin da zan faɗa masa, ina warwarewa. Muka isa inda ba a wucewa, ya ajiye akwatina, ya zube a ƙasa yadda ya yi ran farko, ya ce Umma a yafe mini in na saɓa, a gaida Malam. Shi fa yake neman gafarata. Na buɗe baki, kunyar nan dai ta sake hana ni, abin da ya fito kawai shi ne Allah ya yi albarka. Na juya na shige, na yi kuka tun daga can har muka sauka Alƙahira, wata Bamisriya kusa da ni tana ta ba ni hankici tana zaton rasuwa aka yi mini.

Shi ya sa na tara ku. Hajiya Talatu, ƙafar da ta kai na farko Dokki ita za ta kai wannan, kuma ki faɗa da ƙarfi yadda wayar Malam ta faɗa. Sauranku kowa ta gaya wa mijinta da ɗalibin da ke cin abinci a gidanta. Ku ce ni na yi ƙarya, ba da niyya ba, amma ƙarya ce.

Saura abu guda. Shekaranjiya na zauna a kicin, tsiro yana jiƙe a gabana, na ce tunda da saƙon murya na ɓata shi, da saƙon murya zan nemi gafara. Na danna, na yi abin da uwata ba ta taɓa yi wa Malam ba har ta koma ga Allah. Na kira sunansa. Na ce Bashir, ni ce, na zalunce ka, ka yafe mini.

Bai amsa ba. Ummi ce ta kira da yamma tana dariya tana kuka. Ta ce a tsaye ya buɗe saƙon, yana jin muryata ya durƙusa a gaban wayar har ya ƙare.

"Ya ce a gaya wa Umma ba ta yi masa komai ba," in ji ta. "Kuma wai don Allah kada ta sake kiran sunansa, kunya yake ji."